Mai Ƙyaure da Aka Naɗa Sarkin Ƙofa

Abdussamad Mu'azu Rano ya sauka a Yawunde ranar Talata, 14 ga Maris, 1961, daga bayan wata babbar mota da ta ɗauko albasa da mutane daga arewa, kuma albasar ce ta fi samun wurin zama. Yana da shekara talatin da ɗaya a lokacin. Kayansa akwatin kwano ne guda, rabi tufafi, rabi kayan aiki: guduma, zarto, magagari biyu, da wani kurfi na huda ƙarfe da ya gada daga maigidansa na Kano, inda ya yi shekara tara yana koyon aikin katako da ƙarfe. Aka nuna masa hanyar unguwar Briqueterie, wadda mazaunanta ke kira Birik don sauƙin baki, aka ce a can 'yan'uwansa suke.

'Yan'uwan sun karɓe shi yadda aka saba. An ba shi masauki, an ba shi tuwo, an kuma ba shi suna, wato Baƙo. Manyan gidajen unguwar kakanninsu ne suka zo fatauci tun zamanin Jamus, saboda haka duk wanda ya iso daga baya, ko da ya yi furfura a tsakaninsu, a wurinsu jiya ya zo. Wannan suna ya tsaya wa Abdussamad a rai tun ranar farko, kuma duk abin da ya yi a shekaru ashirin da suka biyo baya, ya yi shi ne don a daina kiransa da shi, a san shi da sana'ar hannunsa.

Sana'ar da ta fito da shi a unguwar Tsinga ya tsince ta. Wani Bature ya ɗauke shi gyaran tagogi, sai ya ga ƙyauren garejin gidan, wanda bai taɓa ganin irinsa ba. Ƙyauren bai tsaya a kan ƙasa ba, a rataye yake. A can sama, ƙarƙashin linta, an kafa wani dogon ƙarfe mai kwari a ciki, kamar gorar da aka tsaga aka kifa, ana kiransa rayi. A cikin kwarin 'yan tayoyi ne ke gudu, ana ce musu gale, kowanne da ƙugiyarsa riƙe da falle guda na katako. Falle da falle kuma pomel ne ke haɗa su, ƙarfe biyu masu juyawa a kan sanda ɗaya, wannan ya naɗe ciki, na gaba ya naɗe waje, ta yadda idan aka tura, sai bangon katako guda ya tattare a gefe kamar an ninke zane. Abdussamad ya yi kwana uku yana gyaran taga ɗaya, domin rabin yinin a kan tsani yake ƙarewa, kansa a cikin garejin. Da Baturen ya sallame shi, ya riga ya haddace abin tun daga kusar farko har ta ƙarshe.

A wancan lokaci shagunan Birik da alluna ake rufe su, a jera su ɗaya bayan ɗaya cikin wani kwari da aka sassaƙa a dokin ƙofa. Da damina jar laka ta cika kwarin, katako ya sha ruwa ya kumbura, sai ka ga attajiri da babbar riga yana dukan shagonsa da tubali kamar ya kama ɓarawo. Abdussamad ya fara da shagon wani tela, ya rataya masa falle huɗu a sama inda laka ba ta kaiwa. Mutane suka yi mako guda suna zuwa kallo, wasu suka rantse ba za su bi ta ƙarƙashin katakon da ba shi da ƙafa ba. Kafin shekara biyar, daga Birik zuwa Messa har Elig-Edzoa, da wuya ka bi layin shaguna ba ka ji ƙarar galensa ba da safe.

A nan ya kamata a tsaya a gyara wani kuskure, domin rayuwar mutumin nan a kansa ta rataya. Ƙofa ita ce kafar da aka bari a jikin bango, inda mutum ke bi ya shiga ya fita. Abin da ake rufe ta da shi, na katako ne ko na kwano ko na kara, sunansa ƙyaure. Haifaffun Yawunde kuwa, da yake bakinsu ya saba da Faransanci, inda kalma guda ke ɗaukar duka biyun, sai suka haɗa su suka kira ƙofa. Abdussamad bai taɓa barin wannan ya wuce ba. Idan mai shago ya ce, "Baƙo, ina so ka yi mini ƙofa," sai ya dube shi da tausayi ya ce, "Ƙofa ai kana da ita, ga ta can a hangame. Magini ya riga ya yi maka. Ƙyaure ne ba ka da shi." Gaskiya ce ya faɗa, amma gaskiyar ta kori masu ciniki da dama, kuma matarsa Zinariya, 'yar unguwar ce haihuwar nan, ta sha gaya masa cewa ba a taɓa dafa Hausa mai kyau an ci ba.

Unguwar tana da wata ƙungiyar zumunta ta 'yan kasuwa da masu sana'a, shugabanta Alhaji Mahmudu Ɗanmalam, dillalin shanu, mutum mai jiki da murya, wanda kakansa na cikin waɗanda suka fara kafa bukka a wurin. Ƙungiyar takan naɗa wa shugaban kowace sana'a rawani: akwai Sarkin Pawa, akwai Sarkin Aski, akwai Sarkin Ɗinki. Duk wanda aka naɗa, ya fita daga sahun baƙi har abada. Abdussamad ya daɗe yana lissafa wa kansa cewa babu abin da wanzami ya fi shi da shi, kuma ya riga ya raɗa wa sarautar suna a zuciyarsa: Sarkin Ƙyaure. Yakan faɗe shi a hankali yana goga ƙarfe, ya ji yadda ya zauna a baki.

A shekarar 1973 ƙungiyar ta gina zauren taro, aka bar masa ƙofa mai faɗin mita bakwai, don idan ana suna ko ɗaurin aure a buɗe, zaure da titi su zama fili guda. Alhaji Mahmudu ya aika aka kira Abdussamad.

"Baƙo, falle takwas nake so, na katakon loko, mai kaurin tafin hannuna. Wanda ya zo daga Tsinga ya gani ya san ba talakawa ne a nan ba."

"Ranka ya daɗe, galen da ake samu a garin nan kilo arba'in yake ɗauka. Loko mai wannan kauri, falle guda zai kai saba'in. A sa katako marar nauyi, in shafa masa fenti, babu mai ganewa."

"Ni zan gane. Ka taɓa ganin an yanka akuya an ce wa baƙi sa ne?" Alhaji ya gyara zama, ya sassauta murya. "Kuma kwamiti na ta magana a kanka. An ce mutumin da ya rufe wa rabin gari shago, bai kamata a bar kansa a buɗe ba."

Abdussamad ya gane inda maganar ta dosa sarai. Ya san loko zai danne tayoyin, ya san rayin zai ɗan lanƙwasa a tsakiya, ya san duk wannan kamar yadda ya san sunansa. Amma ya hango farin rawani, sai ilimin shekara goma sha biyu ya koma gefe ya ba da hanya. Ya ce, "Za a yi, ranka ya daɗe."

Wata biyu ya yi a kan aikin, kuma ƙyauren ya yi kyau, wannan babu mai musu. Pomel ashirin da ɗaya, uku-uku a kowace gaɓa, ya goge su har suna ɗaukar ido. Matsala ɗaya ce: idan aka tura, falle biyu na farko sukan tafi, na uku ya cije. Ranar da ya gama, bayan ya yi gumi ya gwada ta kowace hanya, ya gano cewa idan mutum ya sa gwiwa a ƙarƙashin sandar falle na uku ya ɗaga shi kamar kaurin yatsa, ya kuma bangaje shi da kafaɗar hagu a daidai wannan lokaci, tayar takan haye lanƙwasar, sauran su biyo baya. Bai gaya wa kowa ba. Ya ce a ransa zai gyara bayan biki.

Ranar buɗe zaure aka cika titi. An gayyato wani babban jami'i daga ofishin gunduma, ya zo da kwat da tabarau, aka ba shi kujera mai hannu a gaban rufaffen ƙyauren. Alim, magatakardan ƙungiyar, Bafillacen Ngaundere ne da ya yi makarantar boko har ya sami takardar shaida, ya karanta jawabi da Faransanci na tsawon rabin sa'a, mutane na yi masa tafi duk inda ya tsaya shan iska. Sannan Alhaji Mahmudu ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya tura. Falle biyu suka tafi, na uku ya tsaya. Ya ƙara ƙarfi, hularsa ta faɗi. Sarkin Pawa ya taso da mahauta uku, mutanen da ke kayar da bijimi da hannu, suka haɗa kafaɗa, ƙyauren bai ko yi ƙara ba. Jami'in ya dubi agogonsa.

Abdussamad ya ratso taron a natse, ya ce, "A ba ni wuri." Babbar rigarsa ta rufe gwiwar, babu wanda ya ga abin da ya yi. Abin da aka gani shi ne siririn mutum ya jingina da katakon da ya gagari mahauta huɗu, sai ga falle takwas suna tafiya suna naɗewa kamar an kira su da suna. Mata suka rangaɗa guɗa. Jami'in da kansa ya miƙe ya ba shi hannu.

Nan take Alhaji ya sa aka kawo rawani. Aka zaunar da Abdussamad a kan tabarma, Sarkin Aski ya fara naɗi, Alim ya buɗe wata takarda mai hatimi ya karanta: "Chef de la porte!" Alhaji ya ɗaga murya ya fassara wa jama'a: "Daga yau, Malam Abdussamad shi ne Sarkin Ƙofa na wannan unguwa!"

Abdussamad ya ɗago kai da sauri. Shi da ya zauna a Kano ya san ko wane ne Sarkin Ƙofa: mai tsaron ƙofar gari ne, mai buɗewa da safe ya rufe da yamma, ba shi da haɗi da guduma ko zarto. Ya buɗe baki ya ce, "Ƙyaure, ranka ya..." Daidai nan Sarkin Aski ya jawo amawali ya rufe masa baki, ya ɗaure tamau. Shekara goma sha biyu yana gyara wa mutanen Birik wannan kalma a kan abin da bai kai ya kawo ba, ranar da gyaran ke da amfani kuwa aka toshe shi da yadi biyar na farin alawayyo. Aka danƙa masa makulli a hannu, aka yi fatiha.

Washegari ya sami Alim a ofishin ƙungiya, ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa.

"Malam Alim, an yi kuskure a takardar nan. Ni ba mai ƙofa ba ne, mai ƙyaure ne."

"Baba Sarki, porte ai porte ne. An buga hatimi, an kai kwafi gunduma, an sa lamba. Kana so in koma in ce wa hukuma Hausawan Birik ba su san sunan ƙofarsu ba?"

"Faransancin naku duk faɗinsa ba shi da kalmar katakon da ake rufewa da shi?"

Alim ya ɗan yi tunani, ya sosa ƙeya da alƙalami. "Akwai battant. Amma kalmar daga duka ta fito. In na rubuta Chef du battant, gobe jandarma za su zo tambayar wa kake duka, kuma da izinin wa. Ka riƙe ƙofarka, Baba, ta fi lafiya."

Da farko abin bai yi ɗaci ba. Babu wanda ya sake ce masa Baƙo. Yara da manya sai "Sarki, barka da hantsi," mahauta na ajiye masa tsoka mai kyau, a wurin walima ana zuba masa a kwano na daban. Sai dai unguwa mai mutane dubbai ba ta rasa haihuwa da aure da rasuwa da sulhu, kuma kowanne a zauren ake yinsa, zauren kuwa ba ya buɗuwa sai da shi. Yana kan tsani a Messa, rayi a kafaɗa, sai ga Alim a kan babur: "Baba Sarki, sauko, an haifi 'yan biyu a gidan Sarkin Ɗinki, jama'a na tsaye a rana." Ya sauko, ya je gida ya naɗa rawani, domin Sarki ba ya buɗe ƙofa da kai a sake, ya buɗe, ya zauna jiran a watse ya rufe. Mai shagon Messa ya jira kwana biyu, a na uku ya kira wani.

Cikin shekara huɗu aikin ya zame daga hannunsa. Waɗansu masu walda da suka koya ta hanyar leƙen aikinsa suka karɓe kasuwar, suna rataya ƙyamare a karkace, suna kiransu ƙofofi, babu mai gyara musu. Aka sa masa benci a bakin zaure. Sababbin zuwa daga arewa, waɗanda ba su san tarihinsa ba, sukan ajiye takalmansu a gabansa su ce, "Baba mai gadi, a duba mana." Ranar da wata mata ta ba shi riƙon akuya har ta fito daga wurin suna, ya koma gida bai iya cin abinci ba.

Zinariya ta ajiye masa kwanon ta zauna. "Malam, da na aure ka, mai sana'a na aura. Yanzu in aka tambaye ni aikin mijina, sai in ce yana jingina da katako."

"Sarauta ce, Zinariya. Ba ki ga yadda ake gaishe ni ba?"

"Na ga yadda akuya ta gaishe ka. Kai da bakinka ka ce tayoyin ne suka yi ƙanana. Ka sa manya, kowa ya buɗe abinsa, ka koma kan tsaninka. Ko wani ne ya rataya ƙyauren nan ba kai ba?"

Ta ce ƙyaure, ba ta ce ƙofa ba, kuma wannan ne karo na farko a zamansu. Abin ya ratsa shi fiye da zancen akuyar. Ya yi wa wani direban da ke zuwa Duwala bayani, ya zana masa a takarda, bayan wata uku direban ya kawo gale takwas manya, kowanne mai taya huɗu, a naɗe cikin takarda mai maiƙo.

A watan Fabrairu na 1979 ya kafa tsani a bakin zauren, ya tuɓe rawani ya rataye a ƙusa. Waɗanda suka gan shi a kwanakin nan sun ce kamar an rage masa shekara goma. Ya tallafe rayin da ƙarfe biyu a inda ya lanƙwasa, ya riƙa sauke falle ɗaya a kowace rana, ya cire tsohon gale ya ɗaura sabo, ya daidaita pomel, ya shafa giris. Hannunsa bai manta komai ba. A rana ta bakwai, da hantsi, yana saman tsani yana share hannu, sai ga Aisatu mai ƙosai, tsohuwa ce da ba ta kai nauyin buhun gero ba, ta zo ɗaukar tabarmar da ta manta a ciki. Ba ta lura da shi ba. Da tire a ka, ta sa hannu ɗaya ta tura, falle bakwai suka tafi sumul babu ko ƙara, sai na takwas, mai tsohon gale, ya tsaya. Ta shiga ta ɗauko tabarmarta ta wuce. Bayanta wasu dattawa uku suka shigo duba wurin taron la'asar, suka bi ta ƙarƙashin tsaninsa suna hira, babu wanda ya ɗaga kai, babu wanda ya ce Sarki.

Ya daɗe a saman tsanin. Wannan shi ne aiki mafi kyau da ya taɓa yi, ƙyauren loko mai falle takwas da tsohuwa ke turawa da hannu guda, kuma ya ga ladan da aiki mai kyau ke samu: ba a ganinsa. Idan ya ɗaura na takwas, gobe makullin zai koma aljihun Alim, bencin ya koma cikin zaure. Kasuwar Messa ta riga ta tafi, shekarunsa sun kusa hamsin, kuma mutumin da ba Sarki ba ne a Birik, ya san sunan da ke jiransa. Falle na takwas shi ne mai sakata, idan bai matsa ba zauren ba ya rufuwa, ba ya kuma buɗuwa gaba ɗaya, shi ma yana da tasa dabarar da sai an sani. Ya sauko a hankali, ya ɗauki rawaninsa ya naɗa.

Da Zinariya ta tambaya, ya ce saura ɗaya, gobe zai ƙarasa. Da ta sake tambaya bayan mako guda, ya ce giris ya ƙare. Daga baya ya ce damina ta shigo, katako ya kumbura, ba a auna ƙyaure da damina. Da rani ya ce katako ya tsuke. Ta daina tambaya, sai dai duk ranar da ya fito da rawani takan ce, "A sauka lafiya, Sarki," da wata irin murya da ta sa yakan ƙara sauri.

Ya rasu a watan Afrilu na 1981, bayan zazzaɓin kwana biyar. An yi zaman makoki a zauren, falle na takwas a tsaye a inda ya cije, mahauta sun gwada sun haƙura, aka kwana uku ba a iya kulle wurin ba. Alhaji Mahmudu ya yi jawabi, ya ce unguwa ta yi rashin amintaccen mai tsaro wanda bai taɓa barin ko takalmi ya ɓata ba, jama'a suka ce haka ne.

Bayan kwana arba'in Zinariya ta buɗe jakar aikinsa. Galen na takwas yana ciki, a naɗe cikin takardarsa mai maiƙo, an goge shi tas, an shafa masa sabon giris, ga kusoshinsa huɗu a ɗaure da zare. A jikin fallen kuma, can sama inda sai an hau tsani ake gani, ya riga ya yi alamar ramukan huɗu da fensir, ya huda biyu.